Shagon tsofaffin littattafai na Samaru, inda na tarar da Haiti kusa da Gudu

Wata yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare ce ta tura ni Samaru ba tare da ta sani ba. Ina gaban allo ina rubuta rabon iko gida uku, majalisa da zartarwa da shari'a, kamar yadda na saba shekara goma sha huɗu ke nan, na rubuta sunan Montaskiyu a ƙasa na ja masa layi, sai ta ɗaga hannu. "Malam, shi wannan mutumin, sarkin garinsu bai kama shi ba?" Aji ya kwashe da dariya, ni ma na dara, na ce ta zauna za mu zo wurin. Ba mu zo ba, don ba ni da amsa. Sunan nan gadonsa na yi daga littafin shirin jarrabawa, shi kuwa layi biyu kacal ya ba mutumin. Littafinsa na ainihi ko bangonsa ban taɓa gani ba.

Ranar Asabar na hau bas daga Ƙofar Doka zuwa Kwangila, na sake wata zuwa Samaru. Wani abokin aikina ne ya yi mini kwatance: ka wuce layin masu fotokwafi da ɗinkin kundin ɗalibai, ka shiga lungun da ke bayansu, in ka ga tsoho a kan benci da rediyo a cinya to ka iso. Allon suna babu. Ɗaki ne guda mai zurfi, kantoci har rufi, ƙwan lantarki ɗaya wanda ranar bai ga wuta ba. Warin tsohuwar takarda da ƙurar hunturun bara ne za su fara yi maka maraba. Mai asma ya tafi da takunkumi, ba da wasa nake ba.

Na yi sallama, muka gaisa. Na ce, "Baba, littafin wani Bafaranshe nake nema, mai maganar rabon iko."

Bai ko tashi ba. Ya nuna da haɓa. "Kanta ta uku daga ƙasa, hannun hagu, bayan jan littafin nan. Alƙalin nan da ya sayar da kujerarsa kake nufi ko, Malam?"

Na tsaya sororo. Daga baya, da na karanta gabatarwar littafin, na ga Baba bai yi ƙari ba. Montaskiyu ya gaji muƙamin babban alƙali a kotun birnin Bodo daga wurin baffansa, ya riƙe shi wasu shekaru, sannan ya sayar, don a Faransa ta wancan zamani kujerar alƙalanci dukiya ce kamar gona. Mutumin da muke koya wa yara cewa shi ne uban 'yancin ɓangaren shari'a, da gado ya hau, da ciniki ya sauka. Littafin nasa a kan ruhin dokoki ya fito a 1748, a Janiba aka buga shi ba sunan marubuci, kuma a 1751 fadar Fafaroma ta sa shi cikin jerin littattafan da aka hana karantawa. Ga amsar ɗalibata ke nan: sarki bai kama shi ba, amma shi ma bai yarda ya sa wuyansa a fili ba.

Wannan shi ne abu na farko da zan faɗa game da shagon, kuma shi ne ya fi komai: mai shi ya san kayansa. Ba irin masu shimfiɗa littafi a bakin titi ba ne waɗanda kauri suke dubawa su yanka kuɗi. Ya ce mini yawancin abin da ke ciki daga gidajen malaman jami'a yake samu, waɗanda suka yi ritaya ko suka rasu iyali suka rasa inda za su kai akwatunan, da kuma ragowar na baƙin malamai da suka koma ƙasashensu tun shekarun baya. Shi ya sa littattafan suke da rubutun mutane a gefen shafi. Kwafen da na saya wani ya bi shi da jan biro. A wurin da Montaskiyu yake cewa zafin ƙasa yana kashe wa mutane zuciya, ya sa su ragwanci da tsoro, har mulkin danniya ya dace da su, mai biron ya rubuta kalma ɗaya da Hausa, da manyan baƙaƙe: ƘARYA. Na karanta wannan babin ne a watan Afrilu, da azahar, ba wuta, gumi yana ɗiga a kan takarda, kuma duk da haka bayan mai biro na bi.

Kuɗin kwafen naira 4,500 ya faɗa. Na taya 3,000, ya ce albarka. Muka daidaita a 4,000. Amma ina nan tsaye wani saurayi da jakar kwamfuta a kafaɗa ya tambayi wani littafi da bai kai nawa kauri ba, aka ce masa 7,000. Farashi a shagon nan fuska yake bi. In ka zo da mota, ka ajiye ta nesa. Kuma ka zo da kuɗi a hannu, don Baba ba ya karɓar tiransifa, ya ce shi kuɗin da bai ƙirga da yatsunsa ba bai shigo ba.

Da na koma mako biyu bayan nan, ba don Montaskiyu na koma ba, kantar ce ta tsaya mini a rai. Tsarinta ba irin na laburare ba ne. Daga hagu akwai Jon Lok na Ingila, wanda ya ce gwamnati amana ce, in ta ci amanar jama'a suna da haƙƙin tuɓe ta. Sai Ruso, masanin falsafa ɗan Janiba. Sai wani ɗan siririn littafi na Tomas Fen wanda ya fito a Janairun 1776, da harshen 'yan kasuwa ya rubuta shi, yana gaya wa mutanen Amurka cewa sarautar gado shirme ce, su rabu da Sarkin Ingila, kuma kafin wata shida su cika aka yi shelar 'yancin kai ranar 4 ga Yuli. Sai littattafan juyin juya halin Faransa masu yawa, wasu gara ta ɗanɗana. Har nan babu abin mamaki. Amma littafin tarihin tawayen bayin Haiti, wanda wani marubuci ɗan Tirinidad ya fara fitarwa a 1938, ba ya cikinsu. Can ƙarshen kanta na gan shi, jingine da littattafan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Na ce, "Baba, wannan ya ɓata hanya. Bari in mayar maka da shi wurin Faransawa."

Ya ce, "Bar shi inda yake. Wace shekara aka yi shelar Haiti?"

Na buɗe na duba. Ranar 1 ga Janairun 1804, Desalin, jagoran mayaƙan Haiti, ya yi ta.

"Hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu fa?"

Wannan ba sai na duba ba, Fabrairun 1804. Yaƙin Tafkin Kwatto kuma a watan Yuni na shekarar.

Nan muka ɗan ja. Na ce masa haɗuwar shekara ba ta zama dangantaka, Shehu bai karanta Ruso ba, hujjojinsa daga Alƙur'ani da Hadisi da fiƙihun Malikiyya ya ɗauko su, da rubuce-rubucen Magili wanda ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha tun ƙarni na 15, da karatun da ya yi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Har yanzu ina kan wannan ra'ayi, kuma ba na son yadda wasu 'yan boko suke ƙoƙarin sa wa Shehu hular Faransawa don ya samu shiga. Baba ya bar ni na gama, ya rage muryar rediyo, ya ce, "Malam, ni ban ce sun san juna ba. Cewa na yi lokaci guda talakawa suka gaji. Karanta abin da Shehu ya lissafa a Kitabul Farƙi, ka zo ka gaya mini."

Na san abin da yake nufi. A cikin wannan ɗan littafi Shehu ya jera halayen sarakunan da yake suka: jangali, kuɗin gari, gaisuwar da sai ka kai kafin a saurare ka, ƙwace dukiyar talaka, alƙalan da ke karɓar toshiya. Su kuma mutanen Amurka rigimarsu ta fara tsami ne a 1765, da majalisar Ingila ta ɗora musu harajin kan sarki a kan takardun kotu da jaridu har da katin karta, alhali ba su da wakili ko ɗaya a majalisar. A Faransa manoma ke ɗauke da harajin gishiri da na ƙasa, manyan fada da na coci kuwa an sauƙaƙa musu. Ba tushe ɗaya ba ne, ba kuma manufa ɗaya ba, amma tambayar da ke ƙasa ta yi kama: wa ya ba ka ikon sa hannu a aljihuna, kuma in ka zalunce ni wa zan kai wa ƙara? Maganar nan ta cikin Bayanu Wujubil Hijra, cewa mulki yana iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, da a ce an fassara wa Tomas Fen ita, rabinta na biyu dai ba zai yi musu ba.

Ruso ne ya fi ba Baba haushi, kuma shi ya fi karantawa. Littafinsa na yarjejeniyar zaman jama'a, na 1762, ya buɗe ne da cewa an haifi mutum ɗa, amma ko'ina ka duba yana cikin mari. Baba ya ce wannan ba sabon zance ba ne a kunnen Musulmi, ya kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar lokacin da ɗan gwamnan Masar ya doki wani Bamisire: tun yaushe kuka mai da mutane bayi alhali uwayensu sun haife su 'ya'ya? Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma mutumin nan 'ya'yansa biyar ya kwasa ya kai gidan marayu, ya dawo ya rubuta littafin tarbiyya." Wannan ma gaskiya ne, shi Ruso da kansa ya amsa. Na karanta babinsa na bauta sau biyu. Ya rushe hujjar cewa wani yana da haƙƙin mallakar wani, rushewa mai kyau, amma ban ga inda ya ambaci jiragen da ke tashi daga tashoshin Faransa zuwa gaɓar Afirka a daidai lokacin da yake rubutun ba.

Abin da kantar Baba ta koya mini ke nan wanda littafin jarrabawa bai taɓa faɗa ba. Jon Lok yana da hannun jari a kamfanin Ingila mai fataucin bayi daga Afirka. Jefason, wanda ya tsara shelar 'yancin kan Amurka da ta ce dukkan mutane daidai aka halicce su, ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya ƙirga bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa. Faransawa sun yi shelar haƙƙin ɗan Adam a Agustan 1789, amma a yankinsu na San Domang, wato Haiti ta yau, inda rake da gahawa suke fitowa, mutum wajen 500,000 suna cikin bauta, kuma ba wanda ya yi niyyar shelar ta tsallaka teku ta same su. Su suka ɗauke ta da kansu. A Agustan 1791 suka cinna wa gonakin rake na arewacin yankin wuta. Sai a Fabrairun 1794 majalisar Faris ta soke bauta, bayan abin ya riga ya fi ƙarfinta. Nafoliyon ya aika runduna, aka yaudari jagoran masu tawayen, Tusen Lubatur, aka kama shi a 1802, aka kai shi wani kurkuku a kan duwatsun Faransa masu tsananin sanyi, ya rasu a can a Afrilun 1803. Waɗanda ya bari suka ƙarasa aikin. Ba labari ne mai tsabta ba, don Desalin ya ba da umarnin kashe Faransawan da suka rage a ƙasar bayan 'yanci. Kuma a 1825 Faransa ta zo da jiragen yaƙi ta tilasta wa Haiti amincewa da biyan faran miliyan 150, diyyar iyayen gijin da suka yi asarar dukiya, dukiyar kuwa ita ce su kansu mutanen Haiti.

To, a nan ne ƙorafina yake. Na sayi littafin Haitin nan naira 3,000, na kai gida, na yi dare uku ina ci. Ina isa daidai inda ake shirya wa Tusen tarko, sai lambar shafi ta yi tsalle. Ganye takwas cur babu, ba yagewa aka yi ba, ɗinkin ne ya saki tun da daɗewa wani ya manne bangon da gam ya rufe. Wanda ya taɓa sauraron wasan kwaikwayo a rediyo batir ya mutu ana tsakiyar rigima ya san abin da na ji. Da na koma, Baba ya juya littafin, ya ce, "Kayan gwanjo ne, Malam, ba a mayarwa. Ai da ka ƙirga." Raina ya ɓaci, don mutumin da ya san alƙalin Bodo ya sayar da kujerarsa ba zai ce bai san littafinsa yana da giɓi ba. Ban yi masa rashin kunya ba, sa'an mahaifina ne. Da ya ga fuskata, ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya ciro ɗan siririn Tomas Fen ya ce in riƙe gyara. Na karɓa, amma gyara ba ta cike ganye takwas. Haka kuma akwai littattafan da fotokwafi ne aka yi musu bango mai kauri, ba zai gaya maka ba sai ka tambaya. In ka tambaya dai ba ya ɓoyewa. Saboda haka ka buɗe, ka bi lambobin shafi tun daga farko har ƙarshe a gabansa, ka duba gindin ɗinki ko gara ta shiga, komai daɗewar da za ka yi.

A zuwa na huɗu ne ya kawo maganar da ta fi zauna mini, kuma ita ce ta sa na daina cewa littafin Haiti ya ɓata hanya. Ya ce tekun nan da nake gani kamar ya yi mana nisa, har Zazzau ya taɓo. Yaƙe-yaƙen jihadi sun samar da kamammu daga kowane ɓangare, wasu an gangara da su kudu, hannu zuwa hannu, har bakin ruwa, aka zuba su a jirgi zuwa Bahiya ta Birazil. Ya ciro mini wani littafin tarihin can. A 1807 hukumar birnin Salbado ta bankaɗo shirin tawaye na bayi Hausawa. A 1809 da 1814 an yi tawayen da Hausawa ke gaba. A 1835, cikin watan azumi, Musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarbawa da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna, kuma a jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu da rubutun Larabci. Ina karantawa ina tunanin ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa ganin dutsen Kufena.

Kuma Baba bai tsaya kan Turawa kaɗai ba, wannan na yaba masa. Ya ce mu ma kada mu yi saurin nuna Jefason da yatsa. Daular da aka kafa don kawar da zalunci ita ma ta riƙe bayi masu yawa, kuma mu mutanen Zariya mun san kalmar rinji, mun san ƙauyukan da asalinsu ke nan. Malam Musa ya karɓi tuta ya ci Zazzau, Sarki Makau ya yi kudu, amma wanda ke noma a rinji bai ga canji a fartanyarsa ba. Shehu da Abdullahin Gwandu sun yi suka mai zafi a kan bautar da Musulmi ɗa, Abdullahi ma har ya juya wa rundunar baya don ganin yadda son duniya ya shigo, ya tsaya a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami. Amma bautar kanta ba a soke ta ba. Maganar tana da nauyi a baki, shi ya sa ba a cika yin ta a aji ba.

Kantar mata ce ba ta da ƙarfi. Na nemi wani abu a kan Olamf da Guj, matar da ta rubuta shelar haƙƙin mata a 1791 aka fille mata kai a 1793, bai da shi. Amma ya tuna mini cewa a 1793 ɗin nan, shekarar da aka fille kan Sarkin Faransa Luwi na 16, aka haifi Nana Asma'u. Shi dai Baba komai sai ya auna shi da kalandar gida.

Lokacin zuwa: da hantsi, tsakanin ƙarfe goma da sallar azahar. In ya tafi masallaci ba lalle ya dawo ba, sau ɗaya na yi zaman awa biyu a kan bencinsa ina kallon kwaɗo a ƙofa. Ranar Juma'a kada ma ka soma. Ka zo da tocilan ko ka cika cajin wayarka, don kantocin ciki duhu ne. In abin da kake nema sabon bugu ne mai ƙyalli, ko littafin amsoshin jarrabawa, shagunan bakin titi sun fi maka. Nan wurin wanda ke da haƙurin tono ne, da kunnen sauraron tsoho.

Ranar Litinin da ta biyo baya na shiga aji da Montaskiyu a hammata. Na kira yarinyar nan, na ba ta amsarta, na nuna musu shafin da mai jan biro ya rubuta ƘARYA, suka yi ta dariya. Na rubuta 1804 a tsakiyar allo, na ja layi biyu, ɗaya zuwa Gudu ɗaya zuwa Haiti. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, to shi Tusen ɗin yaya aka yi suka kama shi, bayan ya fi su wayo?" Na ce masa da takardar gayyata zuwa tattaunawa aka jawo shi, sauran bayanin kuwa yana cikin ganye takwas da ke wani wuri a Samaru. Baba ya yi alkawarin in wani kwafe ya shigo zai bar ni in yi fotokwafinsu. Wata uku ke nan, duk Asabar ɗin da na leƙa sai ya ce, "Ba su zo ba tukuna, Malam, amma zo ka ga abin da aka kawo jiya."